Atishawar da ke zuwa mini duk shekara a lokaci ɗaya: mura ce ko ƙurar fure?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni maƙura.

Shekarata 34, ina koyar da lissafi a sakandare. Har na kai shekara 29 ban san wani ciwon hanci ba in ban da murar da kowa ke yi ta kwana biyar ko mako guda ta wuce. Amma shekara biyar ke nan a jere, duk lokacin da ciyawa ta yi tsawo ta fara fitar da kai, sai hancina ya ɓalle. Kamar an sa masa agogo. Da safe nake farawa da atishawa, kuma ba ɗaya ko biyu ba, a jere take zuwa. Ranar nan ina tsaye gaban allo ta kama ni, ashe 'yan aji suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa a bayana. Da na kai goma sha ɗaya na tsaya, sai wani yaro daga kujerar baya ya ce, "Malam, saura ɗaya ta cika dozin." Ni kaina sai da na yi dariya, hawaye na zuba.

Abin da ke fitowa daga hancin ba majina ba ce mai kauri, ruwa ne tsararo, in na sunkuya zan duba littafin ɗalibi sai ya ɗiga a kan takarda kafin in ankara. Idanuna su yi ja su riƙa ƙaiƙayi kamar an watsa mini yashi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ƙaiƙayin saman baki ta ciki da na can cikin kunne, inda yatsa ba ya kaiwa, sai dai in riƙa goga harshe ina wani irin ƙara da maƙogwaro wanda matata ta ce in daina yi a gaban baƙi. Da dare kuma hancin ya toshe gam, in kwana baki buɗe, in tashi maƙoshi a bushe kamar ban yi barci ba. Zazzaɓi babu, ciwon jiki babu. Haka zan yi ta fama wajen mako shida, sannan abin ya ɗauke da kansa sai kuma baɗi.

Ga abin da na yi zuwa yanzu. Sau uku ina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta har in ƙare shi, ban ga bambancin komai ba. Wani maganin mura da aka ba ni yana tsayar da atishawar, amma barci yake sa ni, har na taɓa gyangyaɗi ina makin jarrabawa. Bana na samu wani ɗan feshin hanci da ke buɗe mini hanci cikin minti biyar, yau mako uku ke nan ina amfani da shi, sai dai na lura yanzu in ban fesa ba hancin ya fi toshewa fiye da da.

Sai kuma laifin da na yi. Wani abokin aiki ya ce mini ai fure ne ke jawo wannan. Matata tana da tukwanen furanni guda bakwai a tsakar gida, jajaye da masu ruwan ɗorawa, tana ji da su ƙwarai. Na matsa mata har ta kwashe su ta bayar. Atishawa ba ta ragu ko da ɗaya ba. Yanzu duk na yi atishawa a gida sai ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ko furen maƙwabta ne?"

Da yake ni mutumin lissafi ne, bana na riƙa rubutawa a bayan littafin darasi. Ranar da ake iska kuma gari a bushe, abin ya fi tsanani. Ranar da aka yanke ciyawar filin ƙwallon makaranta kuwa sai da na nemi izini na koma gida. In an wuni ana ruwa, washegari da safe nakan samu sauƙi.

To mene ne wannan? In ƙurar fure ce, me ya sa kwashe furannin bai yi amfani ba? Me ya sa ni kaɗai, alhali iska ɗaya muke shaƙa da matata? Kuma me ya sa sai da na girma?

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu, Allah ya ba da lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba, wannan aikin likitan da ya duba cikin hancinka ne, amma duk abin da ka zayyana kama yake da alajin ƙurar fure, wato jiki ya riƙa faɗa da ƙurar alhali ba ta cutar da shi. Ƙaiƙayin nan shi ne babbar alama. Murar bairas takan zo da ciwon maƙogwaro da kasala, wani lokaci da zazzaɓi, majinar ta yi kauri bayan kwana biyu ko uku, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ta tafi. Ba ta zama mako shida, ba ta kuma duba kalanda.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne ƙurar furen ita kanta ba ta da dafi, ba ƙwayar cuta ba ce, ba ta hayayyafa a jikinka. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cutar da ka sha sau uku bai samu abin kashewa ba. Jikinka ne ke yi maka wannan aikin. Garkuwar jikinka ta ɗauki baƙon da ba ruwansa a matsayin ɓarawo.

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙwayar ƙurar tana sauka a kan damshin cikin hanci, ta jiƙe, ta saki wasu sinadaran furotin da ke jikinta. A wurin matarka, garkuwa ta gan su ta kau da kai, majina ta wanke su, shi ke nan. A wurinka kuwa, wani lokaci can baya garkuwar ta yi musu mummunar fahimta, ta ƙera musu wani makami na musamman da ake kira IgE. Wannan IgE ɗin yana zuwa ya manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke zaune birjik a fatar cikin hanci da ta ido. Ka ɗauke su kamar 'yan jakunkuna cike da sinadarai, an ɗana su ana jira. A wannan matakin ba ka jin komai. Mutum zai iya yin shekara guda ko fiye da tarkon a ɗane bai sani ba.

Da ƙurar ta sake dawowa ta taɓa IgE ɗin, sai jakunkunan su zazzage abin da ke cikinsu cikin 'yan mintoci. Babba a ciki shi ne histamin. Shi ke tsokanar jijiyoyin ji, ka ji ƙaiƙayi ka yi atishawa. Shi ke sa ƙananan hanyoyin jini su buɗe su riƙa tsattsafo da ruwa, ga yoyon hanci da jan ido ke nan. Wannan zagayen farko ne. Akwai na biyu da mutane ba su cika sani ba: bayan sa'o'i kamar huɗu zuwa takwas, wasu ƙwayoyin jini da jiki ya kirawo tun da rana, irin su iyosinofil, suna isowa su taru, naman cikin hanci ya kumbura. Toshewar da kake ji da dare, sau da yawa sakamakon abin da ka shaƙa ne da rana a makaranta, sannan kwanciya ta ƙara mata.

Wani abin kuma, yayin da makonni ke tafiya hancin na ƙara zama mai saurin fushi. Ƙurar da ba za ta dame ka ba a makon farko, a mako na huɗu kaɗan daga cikinta ya isa. A lokacin ko ƙurar alli ko turare ko hayaƙi sai su tayar maka da atishawa, ba don kana da alajinsu ba, don wurin ya riga ya zama ɗanye.

Me ya sa kai? Gado na da hannu sosai. Ka bincika a danginku ko akwai mai asma, ko mai ƙyasbin nan mai ƙaiƙayi na yara, ko mai irin wannan atishawar. Abin da ake gada shi ne saurin ƙera IgE, ba lallai alajin abu ɗaya ba. Maganar girma kuma, ya fi farawa a yarinta ko samartaka, amma yana farawa a manya, musamman in mutum ya koma wurin da yake shaƙar abin da yawa. Tambayata gare ka: yaushe ka fara aiki a makarantar nan mai filin ƙwallo?

Feshin nan kuwa, don Allah ka duba jikin kwalbar. In ka ga oksimetazolin ko zailometazolin, to ka riga ka wuce iyakarsa. Na 'yan kwanaki ne kawai, bai kamata ya kai mako guda ba. Yana matse hanyoyin jini ne, in ƙarfinsa ya sake sai su buɗe fiye da da, ka sake fesawa, haka har mutum ya zama bawansa. Na ga waɗanda suka yi shekaru da kwalba a aljihu.

Ɗan Gaskiya ya amsa:

Malam kar su ruɗa ka da dogon turanci. Sanyi ne ya shige ka. Ka daina kwana ƙarƙashin fanka, ka daina wanka da ruwan sanyi da asuba, ka ga in ba ta tafi ba. Ciyawa dai tun muna yara muke birgima a cikinta, ba wanda ya mutu. Wannan alaji-alajin duk na zamani ne.

Mai Nazarin Tsirrai ya amsa:

Ɗan Gaskiya, da sanyi ne ai da ba zai jira ranar yankan ciyawa ba. Kuma abin ba na jiya ba ne. Tun 1819 wani likita a Landan mai suna John Bostock ya rubuta bayanin ciwon a kan kansa, yana fama da shi duk bazarar ƙasarsu tun yana yaro. Shi ma, abin dariya, zafin rana ya fi zargi.

Malam, ni ɓangaren tsirrai na karanta, bari in wanke furannin uwargida, don an zalunce su.

Ƙurar fure ita ce ɓangaren namiji na tsiro, abin da manoma ke kira bununi in sun gan shi yana zubowa daga kan amfanin gona. Dole ta isa ɓangaren mace kafin a samu iri. Tsirrai ba sa tafiya, saboda haka hanya biyu ce babba: ko ƙwari su kai, ko iska ta kai. Furen da ka gani mai launi mai ƙamshi, kwalliyar nan duk don kiran ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ce. Ƙurarsa tana da nauyi, tana da danƙo don ta manne a jikin ƙwaro, kuma ba ta da yawa, tunda ɗan aike zai kai ta har ƙofa. Ba ta cika tashi a iska ba. Sai dai in mutum ya cusa hancinsa a ciki, ko aikinsa ne sarrafa furanni kullum.

Wanda ke cutar da kai shi ne tsiron da ba ka ma san yana fure ba. Ciyawa tana fure. Wannan kan da kake gani ta fitar, in ka matsa kusa da safe za ka ga wasu 'yan ƙananan abubuwa suna reto a jikinsa kamar an rataye su da zare. Ka ɗan kaɗa shi a kan baƙar takarda ko bayan wayarka, za ka ga gari mai ruwan ɗorawa ya zuba. Ba launi, ba ƙamshi, ba ruwanta da ƙwari. Ita caca take yi da iska, don haka sai ta saki ƙura mai tarin yawa, busasshiya, marar nauyi, ko ɗaya cikin dubbai ta dace. Ƙwaya ɗaya ta ciyawa ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinta ita kaɗai. Bishiyoyi da yawa ma haka suke yi, da wasu ciyayin juji. Akwai wata da ake kira ragwid a Arewacin Amurka, tushe ɗaya kan iya sakin ƙwaya kusan biliyan guda a kaka ɗaya. A Japan kuwa bishiyar sugi da aka dasa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu don katako ita ce yau ke sa miliyoyin mutane atishawa duk farkon shekara.

Kowane tsiro da lokacin furensa, shi ya sa ciwonka ke da kalanda. A ƙasashe masu sanyi bishiyoyi ne ke farawa, ciyawa ta biyo, ciyayin juji su rufe. Wanda nasa na ciyawa ne zai zauna lafiya lokacin bishiya.

Littafin da kake rubutawa ya burge ni, don ka bi sawun mutumin da ya warware wannan magana. Charles Blackley, likita ne a Manchesta, shi ma mai fama da ciwon. Ya riƙa ɗibar ƙurar tsirrai iri-iri yana sa wa a hancinsa da idonsa, har yana karce fatarsa ya goga, yana rubuta abin da ya faru. Ya shafa abu mai danƙo a jikin 'yan gilasai ya ajiye a waje, kullum ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne ta madubin ƙara girma, ya ga ranar da suka fi yawa ita ce ranar da ya fi shan wuya. Bai tsaya nan ba, ya ɗaura gilasan a jikin abin nan na takarda da yara ke saki da zare iska ta ɗaga, ya tarar can sama ma ƙurar na nan da yawa. A 1873 ya wallafa sakamakon. Ita kalmar alaji sai a 1906 wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta. IgE ɗin da Anti Nas ta yi bayani kuwa sai a shekarun 1960 aka gano shi, ta hannun wasu mata da miji 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Amurka, da kuma wasu masu bincike a Suwidin. Ka ga kusan shekara 150 tsakanin wanda ya fara kuka da waɗanda suka kama mai laifin.

Abin da ka lura game da ruwan sama daidai ne. Ruwa mai daɗewa yana wanke iska. Iska da bushewa su ne ke tayar da ƙurar su kai ta nesa, don haka ko ka tuge duk ciyawar gidanka, ta wani fili can za ta iso ka.

Malamin Lissafi ya dawo:

Kai, na gode ƙwarai. Anti Nas, tambayarki ta sa na yi shiru. Shekara shida ke nan da aka mayar da ni wannan makarantar, kuma tagogin ajina biyu suna kallon filin ne kai tsaye. Shekarar farko lafiya lau na yi, a ta biyu abin ya fara. Wato a shekarar farkon nan ake ɗana mini tarko ina ta murna da iska mai daɗi. Na kuma kira mahaifiyata, ta ce ƙanenta ya yi fama da asma tun yana yaro, ni kuma da ina jariri sai da aka sha wahalar ƙuraje masu ƙaiƙayi a bayan gwiwoyina. Ban taɓa sani ba.

Na duba kwalbar, oksimetazolin ne rubuce ɓaro-ɓaro. Jiya na gwada kwana ban fesa ba, ƙarfe biyu na dare na tashi na lalubo ta a duhu. Yaya ake rabuwa da ita?

Malam Mai Nazarin Tsirrai, na yi gwajin da ka ce. Da safe na je bakin filin na kaɗa kan ciyawa a bayan wayata, ga garin nan kuwa kamar an barbaɗa. Na tsaya ina kallo ina mamaki, ban ankara ba na kai shi kusa da fuska. Sauran labarin ba sai na faɗa ba, darasin farko dai a zaune na koyar da shi.

Maman Biyu ta amsa:

Sannu Malam. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, uwa ce kawai da ta yi shekara takwas tana jinyar wannan abu a jikin ɗanta. Tun yana ɗan shekara shida yake tura hancinsa sama da tafin hannu saboda ƙaiƙayi, har wani ɗan layi ya fito masa a karan hanci. Ina ta yi masa faɗa ina cewa ɗabi'a ce, ashe ciwo ne.

Abin da ya taimake mu ƙanana ne. In ya dawo daga waje, kafin ya zauna ko'ina ya cire kayan, ya wanke fuska, da dare ya wanke kai, don ƙurar na maƙalewa a gashi ta bi shi har kan matashi. A makonnin nan ba na shanya zanin gadonsa a waje. Tagar ɗakinsa a rufe take in ana iska. Muna wanke masa hanci da ruwan gishiri, kuma ruwan sai wanda aka tafasa ya huce. Tabarau na rage ƙaiƙayin ido sosai. Kai da ba za ka iya guje wa filin ba, ka nemi a riƙa gaya maka ranar yanka, ka sa takunkumi ka rufe tagogin.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne maganar Ɗan Gaskiya cewa ba wanda ya mutu. Ɗan'uwa, hanci da huhu hanya ɗaya ce. Nawa ɗan a shekara ta uku ya fara tari da dare, ƙirjinsa na fito, aka ce asma ce. Kuma ka nemi labarin abin da ya faru a Melbon ta Ostareliya ranar 21 ga Nuwamba 2016. Hadari mai tsawa ya taso a tsakiyar lokacin furen ciyawa, ƙwayoyin ƙurar suka farfashe suka zama ƙanana ƙwarai har suna shiga can cikin huhu, dubban mutane suka cika asibitoci a dare ɗaya, mutum goma suka rasu. Da yawa daga waɗanda abin ya kama atishawa kawai suka sani, ba a taɓa ce musu suna da asma ba. Malam, tunda kawunka na da ita, in ka ji numfashi na yi maka wuya ko ƙirji na fito, kar ka tsaya rubutawa a littafi.

Anti Nas ta sake amsawa:

Maman Biyu ta gama magana a kan ƙirji. Malam, maganar kwalba: ka je wurin likita da ita a hannu. Yawanci akan ɗora mutum a kan feshin sitiroid na hanci, mai kwantar da kumburi, irin su fulutikason ko mometason, sannan ya bar wancan. Wasu kan bar shi a hanci ɗaya tukuna, in ya warware su bar ɗayan. Za ka sha 'yan kwanaki marasa daɗi, wani ya kai mako ɗaya ko biyu, amma yana wucewa.

Kar ka yi wa feshin sitiroid irin kallon da kake yi wa wancan. Ba ya buɗe hanci nan take. Kumburin yake kwantarwa a hankali, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ji daɗinsa sosai, kuma nan mutane ke yar da shi su ce ba ya aiki. Tunda littafinka ya nuna maka makon da abin ke farawa, baɗi ka fara mako biyu kafin nan. Yadda ake fesawa ma na da muhimmanci. Ka fyace hanci, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe kwalbar da hannun dama in za ka fesa a hancin hagu, bakinta na kallon wajen kunne, kar ya kalli bangon tsakiya, don nan ne ke yin jini. Ka ja numfashi a hankali. In ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, ka zuƙa da ƙarfi ke nan, maganin ya wuce inda ake so.

Maganin da ya sa ka gyangyaɗi ina zaton tsohon maganin histamin ne irin kulofeniramin, wanda ke ratsawa har ƙwaƙwalwa. Akwai na baya-bayan nan, loratadin da feksofenadin da setirizin, waɗanda ba su cika sa barci ba, ko da yake setirizin na ɗan taɓa wasu. Suna da kyau ga atishawa da ƙaiƙayi, amma ba su kai feshin ba wajen toshewa.

In kana son tabbaci, akwai gwajin fata. Ana ɗiga ruwan abubuwa daban-daban a damtse, a ɗan tsikari kowanne, bayan minti 15 zuwa 20 wanda kake da alajinsa ya tasa kamar cizon sauro. Sai an dakatar da maganin histamin na wasu kwanaki kafin a yi. Ana kuma auna IgE ɗin a jini. Wanda magani ya kasa riƙe masa, akwai hanyar saba wa jiki da ƙurar kaɗan-kaɗan, ta allura ko ƙwaya a ƙarƙashin harshe, shekara uku zuwa biyar. Tun 1911 Leonard Noon da John Freeman suka fara ta a Landan, da ƙurar ciyawa ma kuwa. Ƙwararre ne kaɗai ke ɗora mutum a kanta.

Malamin Lissafi ya sake dawowa:

Jama'a, kwana goma sha biyu ke nan. Na ga likita, ya leƙa hancin ya ce naman ciki ya kumbura sosai, ya karɓe kwalbar ya ba ni feshin sitiroid da loratadin. Dare huɗu na farko ban ji da daɗi ba, a zaune na riƙa barci da matashi uku a baya. Shekaranjiya ne na fara kwana baki rufe. Atishawar safe ta dawo uku ko huɗu, 'yan ajina sun ce na rage musu nishaɗi. Na roƙi a canza mini aji zuwa ɓangaren da ba ya kallon filin, an ce sai zango mai zuwa. Gwajin fatar kuma an ce in bari lokacin ya wuce tukuna.

Ɗan Gaskiya, fankar na nan tana juyawa, ban kashe ta ba.

Na karanta wa matata amsar Malam Mai Nazarin Tsirrai daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta ce komai ba, da na gama ta ce tukwanen bakwai ne, kuma biyu daga ciki shekara uku ta yi tana rainonsu. Malam, wane irin fure ne ke saurin girma a tukunya?